Tambaya ga masu sana'ar hoto: ko sabon shiga yana bukatar Photoshop?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram, kuma kusan shekara guda ke nan da na fara ɗaukar hoto a wuraren biki da suna, da fari don sha'awa kawai, daga baya kuma mutane suka fara miƙo mini ɗan na goro. Yawancin aikin da wayata nake yin sa, wani lokaci kuma da tsohuwar kyamarar Canon da yayana ya bar mini da zai tafi Agadas neman kuɗi. Gyaran da na iya bai wuce in ƙara haske, in datse gefen hoto, in tura wa mai shi ba.

Abin da ya kawo ni shi ne wani abu da ya faru da ni a Babbar Sallar da ta wuce. Na tsaya kusa da ƙofar fada lokacin hawa, na ɗauki kawuna a kan dokinsa, yana sanye da farin rawani da babbar riga mai aiki a ƙirji, dokin kuma ya sha jan kayan ado. Da kyamarar na ɗauke shi, kuma a fuskar waya hoton ya yi kyau ƙwarai, har kawu ya ce lallai a wanke masa babba, mai santimita 30 da 40, a sa a gilashi ya rataya a zaurensa. Na tura wa wani shagon wankin hoto ta WhatsApp, na biya, bayan kwana biyu na je na karɓo. Da na buɗe takardar sai gabana ya faɗi: fuskar kawu ta yi duhu kamar wanda ya tsaya a cikin rumfa, rawanin ya koma fari fat babu ko alamar naɗi, aikin rigar ya dagule, jan kayan dokin kuma ya koma kamar ƙasa-ƙasa. Kawu ya daɗe yana dubawa, ya ce, "To, madalla," sannan ya jingine hoton a bayan kabad, kuma har yau yana can.

Da na koma shagon, yaron da ke wurin ya ce laifina ne, wai don ban yi wa hoton Photoshop ba. To ga tambayoyina. Shin gaskiya ne ba a yin hoton kirki sai da wannan manhaja? An ce mini kuɗinta wata-wata ake biya, kuma da katin banki, ni kuwa ba ni da shi. Kwamfutata ma ta hannu ce da aka saya kwance, ƙwaƙwalwar aikinta giga 4 kacal. Wani abokina ya ce zai zuba mini ita daga kile, wato ɗan abin ajiyar fayil da ake sokawa a jikin kwamfuta, a kan jaka biyu, ba sai na sake biyan kowa ba har abada. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar kafin in kashe kuɗin da ban da shi.

Baba Mai Hoto ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tun kafin in kai ƙarshen bayaninka na gane inda gizo ke saƙar, domin abin da ya same ka ya sami kusan duk wanda ya taɓa kai hoton waya wanki. Yaron shagon bai faɗa maka daidai ba, ko kuma in kyautata masa zato, abin da ya ji ana faɗa ne shi ma ya maimaita. Hotonka ya lalace ne a wuri biyu, kuma duka biyun sun faru tun kafin a kai ga maganar gyara.

Wuri na farko shi ne turawar. Hoto tarin ƙananan ɗigo ne masu launi, kuma idan za a buga shi a takardar da mutum zai riƙe a hannu ya duba, ana so a sami kimanin ɗigo 300 a kowane inci. Ƙaramin hoton da muka saba wankewa, mai santimita 10 da 15, yana bukatar wajen ɗigo 1200 da 1800. Babban da kawunka ya nema kuwa yana bukatar sama da 3500 a gajeren gefe da sama da 4700 a dogon gefe. WhatsApp kuma, idan ka tura hoto ta hanyar da kowa ya saba, yakan matse shi ya rage shi zuwa wajen ɗigo 1600 a dogon gefe don kada ya ci data. Ka ga ke nan an shimfiɗa ɗigo 1600 a kan santimita 40, wato kimanin ɗari a kowane inci, kashi ɗaya cikin uku na abin da ake so. Kamar ka ba tela yadi ɗaya ne ka ce ya fitar maka da babbar riga. Abin da ya dagula aikin rigar ke nan. Nan gaba ka kai hoton a kile, ko ka tura shi a matsayin fayil yadda ake tura takardu, domin ta nan ba a taɓa shi.

Wuri na biyu shi ne ranar kanta. Hawa yakan kai hantsi ya ɗaga, rana tana bisa kai, farin rawani yana mayar da haske kamar madubi, fuskar kuma tana ƙarƙashinsa cikin inuwa. Idon mutum yana iya ganin naɗin rawanin da ƙwayar idon mahayin a lokaci guda, amma kyamara ba ta da wannan faɗin. Sai ta zaɓi ɗaya, ko ta tsaya a tsakiya ta ɓata duka biyun. Idan kuma ta ajiye hoton a tsarin JPEG, matakin haske 256 kawai take riƙewa a kowane launi daga cikin ukun da take aiki da su, ta zubar da sauran. Kyamarar yayanka, in dai irin Canon ɗin da ake sauya wa gilashi ce, tana iya ajiye ɗanyen hoto, wanda ake kira RAW, mai riƙe mataki 4096 ko ma 16384 gwargwadon ƙirarta. A cikin wannan rarar ce mai gyara ke tono fuskar da ta yi duhu, ya dawo da naɗin da ya kusa ɓacewa. Abin da ya ƙone ya zama fari fat a JPEG kuwa ya tafi ke nan, ko wace manhaja ka kawo.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ya sa ni nake biyan kuɗin manhaja, don kada ka ɗauka raina kayan aikin nake yi. Na shiga wannan sana'a tun zamanin fim, lokacin da muke gyaran fuska da tsinin fensir a kan baƙin fim ɗin kansa, hoton kala kuwa sai mun ba direban mota ya kai Kano a wanko mana, mu jira kwanaki. Saboda haka na san darajar abin da ke hannuna yau. A bikin aure guda nakan dawo da hoto ɗari biyar ko shida. Idan na zauna da Lightroom, manhajar gyaran hotuna masu yawa ta kamfanin da ke yin Photoshop, sai in gyara ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗauka a ɗakin amarya, in daidaita haskensa da launin bangon, sannan in ce ta yi wa sauran saba'in ɗin da aka ɗauka a wannan ɗakin haka nan, ta gama kafin shayina ya huce. Aikin da zai ci mini kwana uku yakan ƙare a yini guda, kuma wannan lokacin da na tsira da shi shi ne nake biya wa kuɗi.

Photoshop kuma nakan buɗe ta ne idan aiki ya kai na allura da zare. A bara wata baiwar Allah ta zo daga Mirriya da hoton mahaifinta marigayi, shi kaɗai ke gare su, an ɗauke shi baƙi da fari. Gara ta ci kusurwar hagu har ta taɓa kafaɗa, ruwan damina ya bar tabo a goshi, ga kuma layin karaya ya ratsa ta kan hular. Na kwafe shi da na'urar kwafi a kan ɗigo 600, na bar asalin a ƙasa ban taɓa ba, na riƙa ɗora gyara a kansa shimfiɗa bisa shimfiɗa, abin da masu Turanci ke kira leya, mu da muka koya da Faransanci muke cewa kalk: ɗaya ta tabon, ɗaya ta karayar, ɗaya ta kafaɗar da na ɗinke da zanen rigar daga ɗaya ɓangaren. Da ta dawo ta ce goshin ya yi sumul da yawa, mahaifinta yana da tabon sujada, sai na rage ƙarfin wannan shimfiɗar kaɗai, tabon ya fito, sauran aikin kuma bai motsa ba. Dare uku na yi a kansa. Irin wannan ba a yin sa da yatsa a fuskar waya.

Amma kai ba ka kai nan ba tukuna, kuma babu abin kunya a ciki. Ka riƙe kuɗinka, ka juya kyamarar zuwa RAW, ka koyi tsayar da mutum inda haske zai zo masa ta gefe.

Malama Mai Koyar da Kwamfuta ta amsa:

Ƙanena, Baba ya gama maganar haske, ni kuma zan tsaya a kan kuɗi da kuma kilen abokinka. Kada ka karɓa. Ba wa'azi nake maka ba, abin da na gani da idona nake faɗa. A wata cibiyar koyarwa da na taɓa yi wa aiki, wani ɗalibi ya zuba irin wannan fasasshiyar manhaja a kwamfuta guda, ba mu ankara ba sai da muka zo wata safiya muka tarar duk fayilolin da ke cikinta sun kulle, ga saƙo da Turanci ana neman a biya kuɗi kafin a buɗe su. Aikin ɗalibai na wata biyu ya salwanta. Wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa makullin manhaja ya raba ta kyauta a intanet ba lallai don Allah ya yi ba, kuma sharaɗin farko da akan gindaya maka wajen zubawa shi ne ka kashe mai gadin kwamfutarka. Tsintacciyar mage ba ta mage. Ka yi tunanin ranar da hotunan auren mutane za su kasance a ciki. Bayan wannan ma, Photoshop na yanzu giga 8 ne mafi ƙarancin abin da take nema, saboda haka a kan giga 4 ɗinka rarrafe za ta yi.

Game da biyan wata-wata, abin da aka faɗa maka gaskiya ne. Wasu 'yan'uwa biyu ne a Amurka, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙiro manhajar, kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990, kuma shekaru da yawa ana sayen ta ne sau ɗaya ta zama taka. A 2013 kamfanin ya daina wannan tsari ya koma haya, ta yadda ranar da ka daina biya ƙofa ta rufe. An daɗe ana biyan kimanin dala 10 a wata domin Photoshop da Lightroom a haɗe, kuma dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba, wato wajen jaka shida. Daga baya ma an ƙara. Ga Baba wannan bai kai ladan biki guda ba. Ga ɗalibin da ake ba na goro kuwa, kuɗin abincin kwanaki ne.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne akwai manhajoji na halal waɗanda ba a biyan ko tamma. GIMP ta samo asali tun 1995 a hannun wasu ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley, tana da shimfiɗun da Baba ya ambata, tana da kayan goge tabo da na yanke mutum daga bango, kuma zubinta na 3.0 da ya fito a 2025 yana barin ka sauya gyaran da ka riga ka yi ba tare da ka koma farko ba. Domin ɗanyen hoto akwai darktable da RawTherapee, su ma kyauta ne, kuma suna yin gyaran hotuna da yawa a lokaci guda. Akwai Photopea, wadda ba a ma zuba ta, a shafin intanet ake buɗe ta, fasalinta kusan ɗaya da na Photoshop, tana kuma buɗe fayilolinta. Affinity, wadda a da ake saya, kamfanin Canva ya mallake ta a 2024, ya kuma mayar da ita kyauta a ƙarshen 2025 ga wanda ya buɗe asusu a wurinsu, ko da yake ita ma tana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi. A waya kuma Snapseed ta Google tana barin ka haskaka fuska kaɗai ka bar rawani yadda yake.

Ra'ayina, bayan shekarun da na yi ina koyarwa, shi ne sabon shiga bai fi amfani da kashi kaɗan na abin da ke cikin babbar manhaja ba, kuma wannan kaɗan ɗin yana cikin na kyauta. Ɗalibaina da suka fara da GIMP, idan suka zauna gaban Photoshop, mako guda ya ishe su su gane inda aka ajiye kowane abu, domin tunanin ɗaya ne, wurin maɓallan ne ya bambanta.

Mai Buga Takardu na Sabon Gari ya amsa:

Malama, Allah ya ƙara basira, amma ki yi mini afuwa, akwai inda ban bi ki ba. Duk abin da kika lissafa yana da kyau ga mai koyo a ɗakinsa, sai dai ranar da wannan yaro zai fito neman aiki, babu mai shagon da zai tambaye shi ko ya iya GIMP. A wurinmu katin gayyatar aure, da kalanda, da allon shago, da manyan tutocin taro, duk tsakanin Photoshop da CorelDRAW suke yawo. Mai zane ya kawo mini fayil da shimfiɗunsa a buɗe, uwar amarya ta kira da dare ta ce an ɗaga ɗaurin aure daga Asabar zuwa Lahadi, in buɗe in sauya kalma guda in buga. Idan fayil ɗin ya fito daga wata manhaja, sau da yawa rubutun yakan zo a manne ko ya sauya siffa, sai an sake zama. Don haka ni shawarata ita ce ya koyi tushen a inda ya samu, amma ya nemi shagon da ke da ta gaskiya ya riƙa zama bayan darasi, ko da shara zai fara da ita, domin sanin Photoshop kansa abin ci da kai ne a garin nan.

Sannan akwai tambaya guda da ba a amsa masa ba, wato jan kayan dokin da ya koma ƙasa-ƙasa. Wannan fagena ne. Fuskar waya haske take fitarwa, tana haɗa ja da kore da shuɗi. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta, abin da ya faɗo mata take mayarwa, kuma injin buga kalanda da tawada huɗu yake aiki: shuɗi mai haske, da ja mai ruwan hoda, da rawaya, da baƙi. Akwai launukan da allo ke nunawa waɗanda tawada ba za ta taɓa kaiwa gare su ba, musamman ja mai ƙuna da kore shar da shuɗi mai sheƙi. Ga shi kuma kowa yana ƙure hasken wayarsa saboda ranar garin nan, sai hoto mai duhu ya yi masa kamar daidai ne. Babbar manhaja tana da wurin da za ka ce ta nuna maka yadda hoton zai fito a kan irin takarda kaza da injin kaza, ta kuma yi maka alama a wuraren da launi zai mutu, ka gyara tun kafin a ɓata takarda. A nan ne nake ganin ƙwararre ba shi da makawa. GIMP har yanzu aikinta na ciki da launukan allo take yi, ko da tana iya fitar da fayil na tawada huɗu.

Ba na kare yaron shagon, domin da ya san aikinsa, da ganin ƙanƙantar fayil ɗin zai ce maka ka koma ka kawo asalin. Amma kai ma ka koyi abu guda: kafin a buga babba, ka ce a buga maka ɗan yanki daga wajen fuska da rawani a ƙaramar takarda, ka fita da shi waje ka duba a hasken rana.

Hajiya Mai Atamfa ta amsa:

Ni ba mai hoto ba ce, ɗana, 'yar kasuwa ce, atamfa da shadda da leshi nake sarowa ina tallar su a waya, amma bari in sa baki tunda mu ne muke biyan ku. Da na fara, 'yata takan ƙara wa hotunan kayan armashi da wata manhajar waya, launi ya fito rangaɗau, sai ciniki ya yi ta shigowa. Ba a yi wata biyu ba wata mata daga Magariya ta dawo mini da turmi uku, ta ce ita shuɗin da ta gani a hoto ta saya, wannan kuwa bula ce. Gaskiyarta ce, na mayar mata da kuɗinta har da na mota. Tun daga ranar nake shimfiɗa kayan a inuwar bango da hantsi, in ajiye farar takarda a gefe, in duba ko takardar ta fito fara a hoton. Idan ta yi ja ko shuɗi sai a ɗan gyara har ta koma fara, shi ke nan. Ban taɓa bukatar abin da ya wuce haka ba.

Kukana da ku masu gyara kuwa a kan fata ne. A auren 'yar ƙanwata mun biya kuɗi mai kauri, aka kawo mana kundin hotuna, muka buɗe muka rasa amaryar. Yarinya baƙa kyakkyawa, an mayar da ita fara sol, an goge mata har ɗan tabon da ke gefen hancinta wanda duk dangi suka san ta da shi, hannunta mai lalle kuma an manta da shi, ya tsaya da launinsa na asali kamar na wata aka ɗora mata. Da muka yi magana sai mai hoton ya ce ai haka 'yan mata ke so yanzu. Wataƙila wasu suna so, amma ya kamata a tambaya. Idan wannan ne amfanin manhaja mai tsada, to ni ban ga abin da aka ƙara mana ba.

Malama Mai Koyar da Kwamfuta ta sake amsawa:

Hajiya, abin da kike yi da farar takarda shi ne ainihin abin da ƙwararru ke yi da kati mai ruwan toka, ba ki bar musu komai ba. Maganar fata kuma tana da tsohon tarihi: shekaru da yawa kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto katin gwaji mai ɗauke da hoton farar mace, da shi ake daidaita injin, saboda haka baƙar fata takan fito a dushe. Gyaran da ya dace shi ne a ba fuskar hasken da zai fito da launinta na gaskiya, ba a sauya mata launi ba, kuma wannan ya fi wuya, domin sai an ware fuskar an yi mata aiki ita kaɗai. Mai Buga Takardu, na karɓi gyaranka a kan neman aiki da tawada. Ni dai a kan kilen nan ne ba zan sassauta ba.

Ɗan Birni ya sake rubutawa:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na mayar wa abokina da amsa cewa na fasa. Na kuma binciki katin kyamarar na tarar asalin hoton yana nan, JPEG ne, mai ɗigo 5184 da 3456. Na buɗe shi a Photopea, na haskaka fuskar kaɗai, na kai a kile aka buga mini ɗan yanki kamar yadda aka ba ni shawara. Aikin rigar ya fito zare-zare, fuskar kawu ma ta bayyana har ana ganin furfurar gemunsa. Rawanin ne dai har yanzu saman sa fari fat. Na ji an ce sabuwar Photoshop tana da basirar da za ka zagaye wuri ka ce ta cike maka, ta ƙirƙiro abin da babu. Baba, ko in nemi mai ita ya cike mini naɗin?

Baba Mai Hoto ya sake amsawa:

Tana da shi, ɗana, tun 2023 aka sa mata, kuma nakan yi amfani da shi wajen cire igiyar lantarki da ta ratsa sama ko ƙara ɗan bango idan hoto ya gaza faɗin gilashi. Amma rawani ba bango ba ne. Abin da za ta zana maka naɗi ne da ta haɗo daga hotunan mutanen duniya, mai yiwuwa na Indiya ko na wani wuri, alhali a nan naɗi yana faɗin ko wane ne mutum da matsayinsa a fada, kuma kawunka da abokan hawansa da kallo ɗaya za su gane ba nasa ba ne. A aikin jarida ma irin wannan yana raba mutum da aikinsa. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya sallami wani mai ɗaukar masa hoto saboda ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut.

Ka duba katin da kyau, domin da wuya a ce hoto ɗaya tak ka ɗauka a wurin. Idan akwai wani da aka ɗauka daƙiƙa kaɗan kafin wannan ko bayansa, wanda rawanin bai ƙone ba ko da fuskar ta yi duhu, to naɗinsa ne na gaskiya, ana iya ɗauko shi a ɗora a shimfiɗa ta biyu, kuma Photopea ɗin da ke hannunka za ta iya. Idan babu, ka roƙi kawu ya sake naɗawa wata rana bayan la'asar, ka tsayar da shi da dokin a gefen katangar gida inda rana ke zuwa a kwance, ka ɗauka a RAW. Ranar Alhamis ina shago tun safe saboda cin kasuwa. Ka zo da katin da kwamfutar taka mu duba sauran hotunan tare.